Mai tsara maka harkar kuɗi: yaushe ake nemansa, kuma wa ke biyansa?

Tambaya: Shekarata 49. Kamfanin da na yi wa aiki shekara 20 ya rage ma'aikata, an biya ni kuɗin sallama a dunƙule, ban taɓa riƙe kuɗi mai yawa haka ba. Na samu wani aikin, amma albashin bai kai na da ba. Akwai sauran bashin gida a kaina, ga yara uku suna karatu. Wani saurayi daga wani kamfanin zuba jari ya matsa mini da kira, ya ce zai tsara mini komai kyauta. Shin ina bukatar irin wannan mutum? In ina bukata, ta yaya zan gane na kirki?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri, Allah ya sa wannan canji ya zamar maka alheri. A halin da kake ciki yanzu, zama da masani zai amfane ka. Amma zama ɗaya ko biyu nake nufi, ka biya, a rubuta maka tsari, ka tafi da abinka. Ban ce ka damƙa wa wani linzamin dukiyarka har ƙarshen rayuwa ba. Shi kuwa saurayin da ke kiranka, kada ka sa hannu a takardarsa tukuna. Ban san shi ba, wataƙila yaron kirki ne, sai dai kalmar nan "kyauta" ita ta sa na gyara zama.

Yawancin mutane, a yawancin shekarunsu, ba sa bukatar kowa. Mai albashi ɗaya da bashi ɗaya ko biyu, abin da zai yi sananne ne: ya san abin da ke shigowa da abin da ke fita, ya fara kashe bashin da ruwansa ya fi tsada, ya ajiye abin da zai riƙe gidansa wata uku zuwa shida ko da aiki ya tsaya, ya riƙa zuba wani abu a fansho ba fashi. Wanda ya biya gwani don a faɗa masa wannan ya sayi abin da ke cikin aljihunsa ne.

Inda masani ke da rana shi ne a mararraba. Kuɗi mai yawa ya faɗo lokaci guda, ko gado ne, ko sallama, ko an sayar da kasuwanci. Ritaya ta matso. Wanda ke riƙe da lissafin gida ya rasu, ko aure ya mutu. An koma wata ƙasa, haraji biyu na neman hawa kan mutum ɗaya. Akwai ɗa mai lalura da zai bukaci kulawa bayan ran iyayensa. Duk waɗannan shawara ce da ake yankewa sau ɗaya, in an yi kuskure gyaranta na da tsada, wani lokaci ma ba ta gyaruwa. Kai ga ka a tsakiyar mararrabar. Za ka kashe bashin gidan ne gaba ɗaya ko za ka bar shi ka juya kuɗin? Giɓin da ke tsakanin tsohon albashi da sabo, wata nawa kuɗin sallamar zai iya cike shi kafin ya ƙare? An cire haraji kafin a biya ka, ko yana nan yana jiranka a ƙarshen shekara? Fanshon tsohon wurin aikin, a bar shi a can ko a dawo da shi? Sai wata da mutane ke mantawa: in kamfanin ne yake biya maka inshorar lafiya ko ta rai, mai yiwuwa ranar da ka miƙa katin shaidar aiki ita ma ta tsaya. Ka lura, a cikin tambayoyin nan babu wadda amsarta ita ce "sayi kaza". Aikin mai tsarawa ke nan, ya zauna da alƙalami ya auna rayuwarka duka. Zaɓen inda za a zuba jari yanki ne kawai na aikin, kuma ba shi ake farawa da shi ba.

Matsalar ita ce a ƙasashe da dama sunan da mutum ya buga a katinsa ba lasisi ba ne. Dillalin hannun jari, mai tallar inshora, ma'aikacin banki da aka ɗora wa adadin da zai sayar a wata, kowa na iya kiran kansa mai ba da shawara kan kuɗi. Saboda haka ni ba na fara tambayar mutum me ya karanta. Tambayata ta farko ita ce: wa ke biyanka, kuma nawa?

Hanyoyin biyan uku ne. Akwai mai cin la'ada, wanda kamfanin da ya sayar maka da hajarsa ke biyansa. Akwai mai yankar wani kaso daga dukiyar da yake kula maka da ita duk shekara, kashi 1 cikin 100 shi ne abin da aka fi ji. Akwai kuma wanda kai ne za ka biya shi kuɗin aikinsa tsayayye, ko a kan sa'a ko a kan tsarin da ya rubuta, kamar yadda ake biyan lauya ko akanta. Saurayinka kusan tabbas na farkon ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da za a biya shi daga cikin naka zai fito, kawai dai ba za ka ga lokacin da aka yanka ba.

Na san wannan daga ciki, domin da la'ada na fara aiki. A wani kamfani da na yi wa aiki ina sabon shiga, akwai haja biyu a kan teburina. Ɗaya asusun jari ne mai sauƙi, ka shiga ka fita yadda kake so, la'adarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ɗayar kuwa ajiya ce haɗe da inshora ta shekara 15, la'adar shekarar farko a kanta ta ninka waccan sau da yawa. Wata baiwar Allah da mijinta bai daɗe da rasuwa ba ta zo da kuɗin da ya bar mata, na ba ta ta biyun. Ban yi mata ƙarya ba. Tarar fita da wuri tana nan a rubuce a shafi na huɗu, na karanta mata, amma da sauri na wuce, kamar yadda ake wuce abin da ba a so a tsaya a kai. Bayan shekara biyu ɗanta ya kwanta ciwo ta dawo neman kuɗinta. Na buga mata takardar abin da za ta samu, ta ɗora yatsa a kan lambar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, ai wannan bai kai abin da na kawo ba." Ba ta ɗaga murya ba. Har yau ina tuna yatsan nan. Ni a lokacin ban ɗauki kaina macuci ba, kuma yawancin masu wannan aiki ba su ɗauki kansu haka ba. La'ada ba ta sa mutum ƙarya kai tsaye, a hankali take karkatar da idonsa har ya yarda da gaske cewa abin da ya fi biyansa shi ya fi dacewa da kai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Birtaniya ta haramta wa masu ba da shawarar zuba jari karɓar la'ada daga kamfanoni tun daga ƙarshen 2012. Ostireliya da Holan sun bi sahu da irin nasu dokokin a 2013. Duk da haka, kwamitin bincike na musamman da Ostireliya ta kafa kan bankuna, wanda ya miƙa rahotonsa a Fabrairun 2019, ya bankaɗo yadda aka yi ta cire wa mutane kuɗin shawara shekara da shekaru ba tare da an ba su wata shawara ba, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Don adalci in faɗi ɗaya ɓangaren: bayan hana la'ada a Birtaniya, masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun rasa wanda zai saurare su, domin ba za su iya biyan kuɗin aikin daga aljihu ba. Wato la'ada tana da ranarta, musamman a inshora mai sauƙi. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye ta a kira ta kyauta.

Mai yankar kaso duk shekara ya fi mai la'ada tsabta, tunda in dukiyarka ta ƙaru shi ma nasa ya ƙaru. Amma shi ma da nasa karkacewar, kuma ta shafe ka kai tsaye. In ka tambaye shi ko ka ɗauki rabin kuɗin ka kashe bashin gida, amsar "eh" tana nufin ya rage wa kansa rabin abin da zai samu a kanka. Wasu za su faɗa maka gaskiya duk da haka, amma ka san irin nauyin da ka ɗora musu.

Kuma kada ka raina kashi 1 ɗin nan. Ɗauki miliyan ɗaya na kowane irin kuɗi, a ce yana haɓaka da kashi 7 cikin 100 a shekara. Misali ne don lissafi, ban yi maka alkawarin riba ba. Bayan shekara 30 zai kai kusan miliyan 7.6. In ana cire kashi 1 duk shekara, wato saura 6, zai tsaya a wajen miliyan 5.7. Kusan kwata ya tafi. In asusun da ya saka ka a ciki shi ma yana cin nasa kashi 1, saura 5, abin da za ka tarar miliyan 4.3 ne. Shi ya sa nake cewa mutane su daina tambayar kaso, su ce a rubuta musu da lambobi: a shekara ɗaya, nawa ne zai fita daga kuɗina gaba ɗaya, naka da na asusu da na saye da sayarwa? Mutum na jin "kashi ɗaya" ya gyaɗa kai, amma ya ga adadin a rubuce kusa da albashinsa na wata, sai ya yi shiru.

In ya ce ai shi zai samo maka ribar da ta fi ta kasuwa, don haka kuɗinsa ba komai ba ne, ka tuna da wannan. Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya yi fare na dala miliyan ɗaya da wani kamfanin masu juya jari cewa asusu mai arha da ke bin manyan kamfanonin Amurka 500 kawai, ba dabara ba zaɓe, zai doke zaɓaɓɓun asusun gwanaye a cikin shekara goma. An fara a farkon 2008, aka gama a ƙarshen 2017. Asusun mai arha ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin 100, na gwanayen guda biyar kuwa matsakaicinsu wajen 36. A cewar Buffett, babban abin da ya kayar da su kuɗin da suke yanka ne. Irin wannan asusu mai arha wani Ba'amurke mai kamfanin jari, John Bogle, ne ya fara buɗe wa talakawan masu zuba jari a 1976, a lokacin aka yi ta yi masa dariya. Mai tsarawa na kirki ba ya yi maka alkawarin doke kasuwa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta farko a kan a rage maka take, wannan kuwa a kan a tafi da duka: ina kuɗin zai kwana? Amsar da za ka karɓa ɗaya ce tak. A asusu mai sunanka, a banki ko kamfanin ajiyar jari mai lasisi wanda ba na mai shawarar ba, wanda zai riƙa aiko maka da bayanin asusu kai tsaye, kuma kana iya dubawa da kanka ba sai ka bi ta hannunsa ba. Ba a rubuta cek da sunansa, ba a tura kuɗi asusunsa na kansa, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Bernie Madoff tsohon shugaban kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ne, mutum mai kwarjini wanda sai da alfarma yake karɓar kuɗinka. Shi ke ba da shawara, shi ke ajiye kuɗin, shi ke buga takardar bayanin asusun, mai binciken littattafansa kuma wani ɗan ƙaramin ofis ne da ba wanda ya san shi. Lokacin da asirinsa ya tonu a Disambar 2008, takardun da mutane ke riƙe da su suna nuna kusan dala biliyan 65, alhali kuɗin sababbi yake ɗauka yana biyan tsofaffi. An yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009. Wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, ya kai ƙara hukumar da ke sa ido tun 2000, ba a ɗauki mataki ba. Abin da ya fara ba shi shakka shi ne ribar Madoff ba ta faɗuwa, kasuwa ta hau ta sauka, shi yana nan a miƙe. Duk wanda ya nuna maka riba mai tsoka da ba ta taɓa tangarɗa ba, ko ya ce tabbas ce, tashi ka ba shi wuri.

Takardun shaida suna da amfani, a matsayinsu. Wanda ke da takardar shaidar da ake kira CFP ya yi karatu da jarrabawa a kan tsara harkar kuɗin mutum gaba ɗaya, haraji da inshora da ritaya da gado, kuma ana ba da ita a ƙasashe da yawa. Wata kuma, CFA, ta fi karkata ga nazarin jari, jarrabawa ce hawa uku mai wuya. Ga irin tambayoyinka ta farkon ta fi kusa. Amma kada ka tsaya a abin da aka rataye a bango. Kusan kowace ƙasa mai kasuwar hannun jari tana da hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma da yawansu sun sa jerin sunayen a intanet. A Amurka akwai BrokerCheck, inda ake ganin har ƙorafe-ƙorafen da aka taɓa yi a kan mutum, a Birtaniya kuma akwai rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a can. Nemi ta ƙasarka, ka duba sunansa da na kamfaninsa da kanka. Lambar wayar da ke rajistar ita za ka kira, domin 'yan damfara kan ari sunan kamfani na gaskiya. Sannan ka tambaye shi ko doka ta ɗora masa fifita maslaharka a kan tasa a kowane lokaci, ko kuwa abin da ake nema a wurinsa kawai kada ya sayar maka da abin da bai dace da kai ba. Tsakanin "ya dace" da "ya fi" akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan na cuci matar da na ba ka labari. Ya ba ka amsar a rubuce.

Ka ga mutum biyu ko uku kafin ka zaɓa. Ka tafi da maiɗakinka, don tsarin nata ne ita ma, kuma ka lura ko yana kallonta in yana magana ko ya mayar da ita kujera. A zaman farko kai ya kamata ka fi yin magana. Na kirki zai tambaye ka shekarun yaran, lafiyarka, wa da wa ke kanka, ruwan bashin gidan nawa ne, shekara nawa kake son ka ƙara kana aiki, me zai hana ka barci. In kana guje wa kuɗin ruwa saboda addini, faɗa masa tun farko, ka ga ko ya san hanyoyin da ake bi ko zai fara kame-kame. Wanda ya zaro ƙasida mai sheƙi kafin ya san nawa ake binka, ɗan talla ne. Kai ma kada ka ɓoye masa komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bashin da kake jin kunyarsa, da ɗan'uwan da kake tallafa wa a ɓoye, duk su shiga lissafi, in ba haka ba tsarin da zai rubuta na wani mutum ne daban. Kuma duk abin da ya kasa bayyana maka har ka iya maimaita wa matarka da bakinka, kada ka saya.

Akwai waɗanda nake ba shawarar su riƙe mai kula da su dindindin, ko da za su biya kason nan. Tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris na 2020 kasuwar hannun jarin Amurka ta faɗi da kusan kashi 34 cikin 100, kafin ƙarshen Agusta ta dawo ta wuce inda take. Wanda tsoro ya sa ya sayar a Maris ya mayar da asarar takarda ta zama ta gaske. In ka san kanka, ka san kai mai firgita ne, to mutumin da zai ɗaga wayarka a irin wannan rana ya ce ka dakata ya ci kuɗinsa. Ba wai kullum kasuwa ke dawowa da wuri haka ba. Ta Japan ta kai ƙololuwa a Disambar 1989, ba ta sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Shi ya sa kuɗin makarantar da za ka biya nan da shekara biyu ko uku ba shi da abin yi a hannun jari, kuma mai tsarawa na kirki zai faɗa maka haka ko da bai ci komai a kai ba. Haka wanda tsufa ya fara taɓa ƙwaƙwalwarsa, ko wanda ya san in ya faɗi yau iyalinsa ba su san inda komai yake ba, su ma riƙe mutum amintacce ya fi musu.

Kai dai ban ga kana cikinsu ba tukuna. Nemi wanda ake biya kuɗin aiki tsayayye, wanda ba ya sayar da komai, ya rubuta maka tsari, ka aiwatar da kanka, ka koma bayan shekara ɗaya ko in wani abu ya canza. Kafin nan ka bar kuɗin a asusun ajiya a banki mai lasisi. Ka binciki iyakar abin da inshorar ajiya ta ƙasarka ke biya in banki ya durƙushe, in kuɗinka ya haura haka ka raba shi banki biyu. Wata biyu ko uku yana zaune ba abin da zai same shi, hauhawar farashin ɗan wannan lokaci ba ta kai asarar sa hannu cikin gaggawa ba.

Shi kuma saurayin, in ya sake kira, ka ce ya turo maka abu uku a rubuce: nawa shi da kamfaninsa za su samu a kanka a shekarar farko da kowace shekara bayanta, nawa za ka karɓa in ka nemi kuɗinka bayan shekara biyu, da lambar rajistarsa a hukuma. In ya ce garaɓasar za ta ƙare ranar Juma'a, ka ce masa ba komai, ta ƙare.